Homa (komar Kabawa)

Homa wata irin koma ce ta hannu wadda masunta suke kama kifi da ita a gulabe da tafkunan ƙasar Hausa, musamman a ƙasar Kabi, wato yankin da yake cikin Jihar Kebbi a arewa maso yammacin Najeriya. Ana saƙa ta da hannu, a ɗaura ta a jikin lanƙwasasshen itace, kuma masunci yakan riƙe guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Homa da gora su ne kayan da aka fi sanin masuntan Kabi da su, kuma da su ake shiga babbar gasar bikin kamun kifi na Argungu. Kalmar ta zama sunan sarauta: Homa shi ne shugaban masuntan Argungu.

Siffa da yadda ake amfani da ita

Homa tana da sassa biyu, itace da raga. Ana samo sanda mai sauƙin lanƙwasa tun tana ɗanya, a tanƙwara ta kamar baka, a ɗaure ta har ta bushe a haka. A jikin wannan itace ake ɗaura bakin ragar, sauran ragar kuma ta yi jaka ta baya, inda kifi yake faɗawa. Idan masunci ya ware homa biyu a hannuwansa sukan yi kama da fikafikai.

Masunci yakan shiga ruwa da ƙafa, ko ya kwanta a kan gora yana iyo, ko ya nutsa ƙasa. Ruwan fadama ba ya nuna abin da ke cikinsa, saboda haka da motsi da taɓawa ake gane inda kifi yake. Da zarar ya ji kifi a gabansa sai ya haɗa bakin homa biyun, ya rufe shi a ciki, ya ɗago.

Homa ta fi amfani da rani, lokacin da ruwan gulbi ya janye daga fadama, kifi ya taru a guraben da suka rage. Kayan su ne na taro. Idan mutane da yawa suka shiga gurbi ɗaya a lokaci ɗaya, kifin da ya tsere wa wani sai ya faɗa homar wani. Wannan ne ya sa tarihin homa bai rabuwa da al'adar sun gayya, inda gari ko garuruwa suke sa rana su shiga ruwa tare.

Saƙa

Kafin zuwan zaren kanti, masunta su suke haɗa zarensu. Suna amfani da zaren auduga da ɓawon rama da na wasu tsirrai irin su tumfafiya. Ana jiƙa ɓawon, a tsefe shi, a murza shi a cinya har ya zama siririn igiya, sannan a haɗa biyu ko uku a sake murzawa don ya yi ƙwari.

Mai saƙa yana aiki da abubuwa biyu: ɗan itacen da ake naɗa zare a jikinsa, wanda yake zurawa yana ƙullawa, da wani ɗan guntun itace ko kara da yake auna faɗin ido da shi. Kowane ido na raga ƙulli ne mai zaman kansa, wanda ba ya zamewa idan kifi ya ja. Ana fara saƙar daga gindin jakar, ana ƙara yawan idanu layi bayan layi har a kai faɗin baki. Masunta sukan auna ido da yatsu, a ce mai yatsa biyu ko mai yatsa uku. Faɗin ido shi yake raba kifin da za a kama da wanda zai wuce: babban ido yana barin ƙananan kifaye su fice su girma, ƙaramin ido kuwa ba ya barin komai.

Zaren tsiro yana ruɓewa idan ya daɗe a jiƙe. Don haka ana shanya koma bayan kowace fita, kuma ana rina ta da ruwan ɓawon itace ko na 'ya'yan itace masu ɗaci da kauri, irin wanda majema suke jima da shi. Rinin yana sa zaren ya daɗe, yana kuma mayar da shi ja-ja.

Gyaran koma aiki ne na kullum. Ƙayar ƙurungu da haƙoran tsage da kututturan ƙarƙashin ruwa duk suna yaga raga. Da hantsi ko da la'asar ana ganin masunta zaune a inuwa, sun maƙale koma a babban yatsan ƙafa ko a turke, suna cike idanun da suka tsinke. A irin wannan zama yaro yake koyo: ya fara da naɗa wa mahaifinsa zare, ya koma toshe ƙananan ɓaraka, kafin a bar shi ya saƙa tasa. Saƙa da gyara galibi aikin maza ne, mata kuma sun fi riƙe banda da suya da sayar da kifi a gida.

Gora

Gora ɗan duma ne babba, mai zagaye, wanda ake bari ya ƙosa ya bushe. Ana yanke masa baki a sama, a ƙwaƙule cikinsa. Yana yi wa masunci aiki biyu. Na farko, shi ne abin hawansa: yakan kifa cikinsa a kan bakin goran, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, hannuwansa kuma suna riƙe da homa. Na biyu, shi ne ma'ajiyarsa, domin a ciki yake jefa kifin da ya kama. Gora ba shi da nauyi, ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma yana shiga wuraren da ciyawa ta hana kwalekwale wucewa.

Sauran kayan su

Homa ɗaya ce daga cikin kayan su masu yawa, kuma mafi yawansu saƙa ne ko ƙulli. Birgi koma ce mai zagaye da ake jefawa ta buɗe a sama ta faɗa kan kifi, an jera mata darma a baki don ta nutse da sauri. Taru doguwar koma ce da mutane da yawa suke ja. Gura da undurutu tarkuna ne da ake saƙawa a ajiye a mashigar ruwa, kifi ya shiga ya kasa fita. Mamari doguwar igiya ce da aka jera wa ƙugiyoyi masu yawa. Akwai kuma fatsa, da zago wanda ake sukan manyan kifaye da namun ruwa da shi.

Daga cikin kifayen yankin akwai giwan ruwa, tarwaɗa, ramboshi, ragon ruwa, ƙurungu, karfasa, bargi, yauni, tsage, gaiwa da minjirya. Giwan ruwa, wanda ake kira Lates niloticus a kimiyyance, shi ne mafi girma, yana iya kusantar tsawon mita 2.

Kabawa da Sarkawa

Ƙasar Kabi tana kan fadamar Gulbin Kabi, wanda yake ɗauke da ruwan kogin Rima da na Sakkwato zuwa kogin Kwara. Kowace damina gulbin yana malala ya cika fadama mai faɗi, kifi ya hau ya yi ƙwai, da rani kuma ruwa ya koma ya bar tafkuna. A kan wannan juyi Kabawa suka gina noman shinkafa da kamun kifi.

Kabi ta yi ƙarfi a ƙarni na 16 a ƙarƙashin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai ta Askiya Muhammadu wajen shekarar 1516, ya kafa birninsa a Surame. Daga baya hedikwata ta koma Birnin Kabi, wanda rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci a 1805. Sarakunan Kabi suka koma Argungu, kuma daga tawayen Yakubu Nabame na 1849 har zuwan Turawa, Argungu ta riƙe 'yancinta tana gaba da Sakkwato da Gwandu.

Masuntan da suka gaji sana'ar ruwa ana kiransu Sarkawa, namiji ɗaya Basarke, sana'ar da iliminta kuma sarkanci. Masana tarihi suna danganta sunan da Sorko, masuntan kogin Kwara masu harshen Songhai, waɗanda aka sani da jiragen ruwa da farautar dorina. Waɗanda suka zauna a Kabi sun koma Hausa, kuma daga nan zuriyarsu ta bazu zuwa Yawuri da sauran gaɓar Kwara da Binuwai. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa bincike kan masuntan Kabi a 1942, sannan Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauki hotunan farautar dorina ta Sorko a ƙasar Nijar a ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950.

Sarkanci bai tsaya ga kamun kifi ba. A ƙasar Hausa Basarke ake nema idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a maƙogwaro, ko ƙurungu ya soki wani, ko wani ya nutse ana neman gawarsa. Ana kuma danganta su da sanin kada da dorina da iskokin ruwa. Wannan ilimi a cikin gida ake gadonsa, kamar yadda ake gadon saƙar koma.

Sarautu da dokokin ruwa

A al'adar Kabi ba a shiga kowane ruwa a kowane lokaci. Manyan gurabe suna da masu kula da su, kuma Sarkin Ruwa shi yake faɗin lokacin da aka rufe ruwa da lokacin da aka buɗe. A Argungu, Sarkin Ruwa yana kula da lafiyar kogin, Homa kuma yana shugabantar masunta. Tsofaffin bukukuwan Kabawa sun haɗa da gyaran ruwa, wanda ake yi don neman tsari kafin a fara su, da fashin ruwa, wato buɗe ruwa ga jama'a. Yawancin abubuwan tsafi da ke cikinsu sun ragu ko sun koma addu'a saboda ƙarfin Musulunci, amma tsarin rufewa da buɗewa ya wanzu.

Amfanin tsarin a fili yake. Ruwan da aka hana shiga na tsawon watanni yana ba kifi damar girma, sannan ranar buɗewa kowa yana da rabo, mai homa biyu da mai hannu kawai.

Yankin Gulbin Zamfara

Ba a Argungu kaɗai ake da wannan al'ada ba. Gulbin Zamfara, wanda a ƙarshensa ake kira Gulbin Gindi, yana ratsa ta Jega kafin ya haɗu da Gulbin Kabi. Yankin Jega da Aliero da Maiyama, inda garuruwa irin su Danwarai suke, yana cikin masarautar Gwandu, kuma noma ya fi rinjaye a cikinsa. Aliero ta yi suna da albasa da ɗorin karaya, Jega kuma da kasuwarta, wadda ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin yankin. A irin waɗannan wurare ana samun masu su iri biyu: waɗanda suka gada, masu zama a bakin gulbi da jirage da taru, da kuma manoma waɗanda suke ɗaukar homa idan rani ya yi, ruwa ya ja baya. Kifin da ba a ci ɗanye ba ana yin bandarsa, ya shiga kasuwa ya kai garuruwan da ba su da gulbi.

A kudancin jihar, Yawuri tana kan kogin Kwara, inda ake samun Sarkawa da Gungawa mazauna tsibirai. Can ruwa yana da zurfi da faɗi, saboda haka jirgi da manyan komaye sun fi homa amfani. Yawuri tana da nata bikin ruwa da ake kira Rigata.

Bikin Argungu

Bikin kamun kifi na Argungu a siffarsa ta yanzu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. An shirya masa babban su don girmamawa, kuma ziyarar ta zama alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato.

Ana yin bikin na kwana 4, yawanci tsakanin Fabrairu da Maris. Akwai kabanci, wato wasannin ruwa irin su kamun kifi da hannu, tseren kwalekwale, nutso da kamun agwagwar ruwa, ga kuma kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona. A rana ta ƙarshe dubban masunta sukan jeru a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da goransa. Da an ba da alama sai su ruga cikin ruwa, makaɗa suna bin su a kwalekwale. Cikin kamar awa ɗaya ake kai manyan kifaye ma'auni, kuma giwan ruwa ne yakan ci gasa. Kifin da ya zo na ɗaya a 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma kilo 78.

Bikin ya sha tsaiko. A 2006 an hana shiga ruwa saboda ƙarancinsa. A 2008 an ƙwace kyautar wanda aka fara bayyanawa, bayan an gano cewa ba a Matan Fada ya kama kifin ba. Bayan bikin 2009 an dakatar da shi na kusan shekara 10, aka dawo da shi a Maris na 2020. A 2016, a taron da aka yi a Addis Ababa, hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama. A garin Argungu akwai gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar sarki ce da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda ake ajiye kayan yaƙi da na sarauta da na sana'o'in Kabawa.

Canje-canje

Abu na farko da ya sauya sana'ar shi ne zaren nailan, wanda ya bazu a Afirka ta Yamma daga shekarun 1950 da 1960. Ba ya ruɓewa, ba ya bukatar rini, kuma ana sayar da ragarsa a saƙe daga masana'anta. Masunci ya huta da murzar zare, amma an samu raguwar masu iya saƙa koma tun daga farko har ƙarshe. Da yawa yanzu sukan sayi raga su yanka su ɗaura a itace, abin da ya rage a hannunsu shi ne ɗauri da gyara.

Na biyu shi ne madatsun ruwa. An kammala madatsar Kainji a 1968, ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, sai ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980. Kainji ta tashi garuruwa da tsibirai da yawa na ƙasar Yawuri. Bakolori da Goronyo kuma sun sauya yawan ruwan da ke malala a fadamar Kabi da lokacin zuwansa, alhali a kan wannan malala kifi yake hayayyafa. Noman shinkafar rani ya ƙaru, musamman bayan shirin bashin manoma da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kuma injinan ban ruwa suna jan ruwa daga guraben da kifi yake fakewa da rani.

Na uku shi ne ƙaramin ido. Ragar kanti mai ƙananan idanu, har da gidan sauro da wasu suke mayarwa koma, tana kwashe 'ya'yan kifi kafin su girma. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Aiwatar da ita ya fi sauƙi a wuraren da Sarkin Ruwa yake da ƙarfin faɗa a ji. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, kusa da tafkin Kainji.

Makamanciyarta a wasu ƙasashe

Al'ummomin masunta da yawa suna da wata saƙa da ta zama alamarsu. A gaɓar tekun Sikotland da Ingila, inda sanyi yake da tsanani, abin da ya zama alama shi ne rigar sanyi da ake kira gansey. Mata suke saƙa ta da hannu da zaren ulu mai ƙarfin murɗi, galibi shuɗi mai duhu, da siraran allurai huɗu ko biyar. Ana saƙa ta a zagaye ba tare da ɗinki ba, a matse don iska kada ta ratsa. Hannun rigar daga kafaɗa ake saƙo shi zuwa ƙasa, saboda idan bakin hannu ya cinye a warware a sake. Adonta yana kwaikwayon igiya da idon raga da tsani da ƙarfen tsayar da jirgi.

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, dubban 'yan matan Sikotland suna bin jiragen kamun kifi daga tsibiran Shetland har zuwa Great Yarmouth a Ingila, suna gyaran kifi suna cusa shi a ganga da gishiri, suna saƙa idan aiki ya lafa. Ta hannunsu samfuran ado suka yaɗu daga gari zuwa gari. Da cinikin ya faɗi bayan yaƙin duniya na farko, tufafin masana'anta kuma suka yawaita, sai masu saƙar suka ragu. Gidan tarihin kamun kifi na Sikotland da ke Anstruther, wanda aka buɗe a 1969, yana tattara tsofaffin rigunan da samfuransu.

A Kabi zafi ya sa masunci bai bukatar irin wannan riga, gajeren wando ya ishe shi shiga ruwa, don haka gwanintar hannu ta tafi ga koma da tarko. Bambancin da ke tsakani shi ne gansey ta fi yawa a gidajen tarihi da hannun masu sha'awar saƙa, homa kuwa har yanzu ana cin abinci da ita.

A cikin harshe

Kayan su da kifi sun shiga karin maganar Hausa. Ana cewa "kifi na ganinka mai jar koma" ga wanda yake shirya wa wani tarko alhali an riga an gane shi. "Kifin rijiya" shi ne mutumin da bai san abin da duniya take ciki ba. "Ruwa ya ƙare wa ɗan kada" ana faɗarsa idan dabara ta ƙare wa mutum, kuma hoto ne na ƙarshen rani a fadama, lokacin da gurabe suke ƙafewa. Sunan sarautar Homa da ta Sarkin Ruwa, da kalmomin kabanci da sarkanci, duk suna nan a bakin mutanen yankin.